Ina Kan Macijin? Darasi a kan Tawali'u da Munafunci

Karatu: Luka 18:9-14, 2 Sarakuna 5:20-27, Galatiyawa 2:11-14.

Akwai wata magana wadda kusan kowane mai bi ya taɓa ji daga bakin maƙwabcinsa. Ya kan ce, "Ku Krista kuna cewa an cece ku. To, ga wane nan, ba ya fashin sujada ran Lahadi, amma shekara biyu ke nan yana riƙe da kuɗina. Ina bambancinku da sauran mutane?" Wani mai bi in ya ji haka sai ya fusata. Wani ya ce tsanani ake yi masa domin sunan Yesu. Wani kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai mutum tara yake, bai cika goma ba." Dukan amsoshin nan uku ba su biya bukata ba.

A ƙasar Daura, watau Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, masu bi kaɗan ne a cikin taron jama'a, da dama cikinsu kuma aiki ko ciniki ya kawo su. Maƙwabcinsu mai yiwuwa ne ba zai taɓa buɗe Littafi Mai-tsarki ba, amma kullum yana duban mai bi a kasuwa, da wurin aiki, da bakin rijiya. Abin da ya gani a wurinsa, shi zai ɗora wa sunan Kristi. Saboda haka bari mu bincika mu gani, mene ne munafunci, mene ne bambancinsa da kāsawa irin ta ɗan Adam, me kuma ya kamata mai bi ya yi sa'ad da aka nuna masa laifinsa.

1. Labarin rijiyar Kusugu

Kowane ɗan Daura ya san labarin da aka gada na Bayajida. An ce ya iso garin da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ba a ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, gama akwai maciji a cikin rijiyar Kusugu, ana ce da shi Sarki, yana hana mutane. Baƙon ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sa a jakarsa, ya koma masauki bai gaya wa kowa ba.

Da gari ya waye aka ga gangar jikin macijin a bakin rijiya. Sarauniya Daurama ta ce wanda ya yi wannan aiki ya fito ta ba shi rabin gari. Nan da nan mutane suka yi ta fitowa, kowa yana cewa shi ne. Tambaya ɗaya ta ƙare maganarsu duka: Ina kan macijin? Wanda ya yi aikin da gaske yana masaukinsa, sai da tsohuwa ta tuna da baƙonta aka aika aka kira shi.

Ba muna gwada Bayajida da Ubangijinmu ba. Misali ne kawai. Amma ku lura da mutanen nan da suka fito. Jiya-jiya dukansu suna tsoron macijin, ba kuwa wanda ya ga laifinsu, gama dukan gari haka yake. Abin kunyarsu shi ne da suka so a yaba musu a kan aikin da ba su yi ba. Da sun ce, "Mun kāsa, wani ya yi mana, bari mu je mu sha ruwa mu yi godiya," da ba wanda ya yi musu dariya.

Matsayin mai bi ke nan. A cikin Farawa 3:15 Allah ya yi alkawari zuriyar macen za ta ƙuje kan macijin, Yesu Kristi kuwa shi ya cika wannan a bisa gicciye. Ba mu muka ci nasara a kan zunubi ba. Mu masu shan ruwa ne daga rijiyar da wani ya buɗe. Tushen tawali'u na Krista ke nan.

2. Mai kāsawa dabam, munafuki dabam

Kalmar da aka juya ta zama "munafuki" a Sabon Alkawari, a bakin Helenawa ana kiran mai wasan kwaikwayo da ita, wanda ya kan rufe fuskarsa ya fito da kamannin wani. Ku tuna da yara masu tashe a watan azumi. Yaro ya manna auduga a haɓarsa, ya ɗauki sanda, ya sunkuya kamar tsoho. Wannan wasa ne, kowa ya sani yaro ne. Munafuki kuwa ya manna gemun auduga yana so a gaskata na gaske ne.

A cikin Luka 18 mutum biyu suka hau haikali garin addu'a. Bafarisi ya lasafta azuminsa na sau biyu a mako da zakkarsa, ya gode wa Allah domin shi ba kamar sauran mutane ba ne. Ba a ce ƙarya ya yi a kan azumin ba. Amma ya zo gaban Allah kamar wanda ya kashe macijin da hannunsa. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, bai iya ɗaga ido sama ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Su biyun masu zunubi ne. Ɗaya ya sani, ɗaya ya rufe. Yesu ya ce mai karɓar harajin ne ya koma gida baratacce.

Littafi Mai-tsarki bai taɓa cewa mai bi ya gama da zunubi a wannan duniya ba. Yohanna ya gargaɗe mu, wanda ya ce ba shi da zunubi kansa yake ruɗi (1 Yohanna 1:8). Bulus, bayan shekaru da yawa cikin aikin bishara, ya shaida wa Filibiyawa bai kai ga kammala ba tukuna, yana dai nacewa (Filibiyawa 3:12). Saboda haka faɗuwa ba ita ke mai da mutum munafuki ba. Munafuki shi ne wanda ya faɗi, ya tashi da sauri ya kakkaɓe rigarsa, ya ce bai faɗi ba, sa'an nan ya nuna wani da yatsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ya ɗan'uwa, idan zunubinka yana damunka har kana cewa a ranka, "Watakila ni munafuki ne, gara in bar zuwa sujada," kada ka bari. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Tun da kana jin naka, Ruhun Allah yana aiki a cikinka. Ka furta, Shi kuwa mai aminci ne, zai gafarta (1 Yohanna 1:9).

Amma kada wani ya mai da "mutum tara yake" ta zama matashin kai. Maganar gaskiya ce, tana da kyau a bakin wanda yake yi wa ɗan'uwansa uzuri. A bakin wanda yake riƙe da kuɗin wani kuwa, ta zama wani sabon gemun auduga.

3. Mudun da maƙwabtanmu suke awo da shi

Kada mu zaci waɗanda ba masu bi ba ba su san munafunci ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da sura guda a Alkur'ani, ta 63, wadda ake kira da sunan munafukai. Malamansu kuma suna koya wa yara alamu uku na munafuki: ƙarya cikin zance, saɓa alkawari, da cin amana. Kalmomin nan "riya" da "munafunci" da "tawali'u" da muke ji a wa'azi, daga Larabci suka shigo Hausa, jama'a sun san su tun kafin a kammala juya Littafi Mai-tsarki da Hausa a 1932.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya yi lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1973 a kan wanda Hausawa suke kira mutumin kirki. Ya lasafta halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanene a cikinmu ya cika goman nan? Ba ko ɗaya. Amma ku duba, ba abin da ke ciki wanda Maganar Allah ba ta nema daga gare mu. Idan tela mai bi ya karɓi yadin mutum ya yi alkawarin Sallah, Sallah ta wuce bai ɗinka ba, ko mai awon gero ta buga gindin tiyarta ya shiga ciki, to, wanda ya kira su munafukai bai tsananta musu ba. Da mudun gaskiya ya auna su. Bitrus ya rarrabe tsakanin shan wahala domin Kristi da shan wahala domin laifin kai (1 Bitrus 4:15-16). Bulus kuma ya yi wa masu fahariya da shari'a faɗa, domin ta dalilinsu ake saɓon sunan Allah a cikin al'ummai (Romawa 2:24).

4. Gehazi da Bitrus

Na'aman shugaban yaƙin Suriya ne, baƙo ne ga Isra'ila, kuturu kuma. Ya ƙasƙantar da kansa ya yi nutso sau bakwai a Urdun, ya warke. Ya kawo wa annabi Elisha kyauta, annabin ya ƙi karɓa, domin baƙon ya sani alherin Allah ba na sayarwa ba ne. Gehazi baran annabi ya bi shi a guje, ya ƙaga labarin baƙi biyu da suka sauka, ya karɓi azurfa da riguna, ya ɓoye a gida, ya dawo ya tsaya gaban maigidansa kamar bai je ko'ina ba. Kuturtar Na'aman ta koma kansa. Ku lura, wanda ya zo daga waje ya tafi da tsabta, wanda ya zauna shekaru a gidan annabi ya fita da cuta. Daɗewa a ekklesiya ba ta tsare kowa. Munafunci dodo ne, ya kan ci mai shi.

Bitrus shi ma ya taɓa yin riya. A Antakiya yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai. Da waɗansu suka zo daga wurin Yaƙub, sai ya janye don tsoron abin da za su ce, har Barnaba ma ya bi shi. Bulus ya tsauta masa a gaban kowa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ekklesiya ɗaya a kan sami Bahaushe daga zuriyar Maguzawa, da ɗan Kudancin Kaduna, da Bayarabe, da Inyamuri. Ran Lahadi suna kiran juna 'yan'uwa. Amma idan an zo zaɓen dattawa ko maganar aure, sai kowa ya koma ga nasa. Mutanen gari suna gani.

Me ya raba Bitrus da Gehazi? Da aka tambayi Gehazi, ya ƙara ƙarya a kan ƙarya. Bitrus kuwa bai riƙe Bulus a zuciya ba, gama a wasiƙarsa ta biyu ya kira shi ƙaunataccen ɗan'uwa (2 Bitrus 3:15). Mai tawali'u yana iya faɗuwa, amma ana iya gyara shi.

5. Ta wace ƙofa bishara ta shigo?

Ya kamata mu tuna yadda mutanen ƙasashen sarakuna suka fara ganin waɗanda suke kira Nasara. Da bindiga suka gan su. Sojan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Katsina kuma ta shiga hannunsu a wannan shekara. Bayan haka gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a yawancin ƙasashen Musulmi. Ƙofar da ta buɗe daga baya ƙasƙantacciya ce ƙwarai. A 1937 aka danƙa wa mishan ta SIM kula da wuraren jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya kusa da Kano, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Yau kuturta tana da magani, tana warkewa sarai, amma a wancan zamani mutane gudun mai ita suke yi. A can aka ga Turawa da 'yan ƙasa masu taimakonsu sun durƙusa suna wanke miki. Wanda bai yarda ya saurari wa'azi ba, ya ga wannan da idonsa. Gani ya kori ji.

Ba mala'iku ba ne su ma. Waɗansu sun zo da girman kai irin na zamaninsu, suna ɗaukan baƙin mutum kamar yaro. An kafa ekklesiyar ECWA a 1954, amma sai a 1976 mishan ta miƙa mata ragamar aikin duka. Akwai kuma mutanen gari da suka yi zargi maganin tarko ne na kama mutane zuwa addini. Wannan zargi gargaɗi ne a gare mu har yau. Idan alherinmu yana da farashi a ɓoye, idan mun daina gai da mutum domin ya ƙi bin mu zuwa sujada, mun bar hanyar Elisha mun bi ta Gehazi.

Ga wani misali daga nesa. John Newton mutumin Ingila ne, ya fara juyowa ga Allah a 1748 sa'ad da hadari ya kusa nutsar da jirginsu a teku. Duk da haka ya ci gaba da jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, har ya zama shugaban jirgi, sai a 1754 ya bari. Yana karanta Littafi Mai-tsarki a sama, mutane suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Wanda ya kira wannan munafunci, wa zai yi masa musu? Daga baya ya zama fasto. A 1788 ya buga ɗan littafi ya tona muguntar cinikin, bai ɓoye hannunsa a ciki ba, ya kuma goyi bayan masu neman a hana shi. Ya rasu a 1807, shekarar da Ingila ta haramta cinikin bayi. Furcinsa ya yi jinkiri ƙwarai, bai kuwa komo da ko mutum ɗaya gida ba. Amma shaidarsa ta yi nauyi domin ya faɗi gaskiya a kan kansa.

6. Me za mu yi?

Na fari, in an zarge ka, kada ka yi gaggawar kāre kanka. Ka tambayi zuciyarka a gaban Allah ko maganar gaskiya ce. Ko maƙiyi ne ya faɗa, in gaskiya ce, ka karɓa.

Na biyu, ka nemi gafara a wurin wanda ka yi wa laifi, ko shi ba mai bi ba ne. Waɗansu suna tsammani wannan zai kunyatar da sunan Yesu. Ɓoyewa ce take kunyatar da shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Na uku, ka mayar da abin da ka ci. Zakka bai tsaya a kan baƙin ciki ba, ya ɗauki alkawarin mayar da riɓi huɗu ga wanda ya zalunta (Luka 19:8). In bashi ne, ka je ka faɗi ranar biya, ko kaɗan-kaɗan ne, ka kuwa cika. In zubin adashi ne, ki kai. Ubangiji ya ce a bar baiko a gaban bagadi a je a shirya da ɗan'uwa tukuna (Matta 5:23-24).

Na huɗu, kada ka ƙara gishiri a shaidarka. In har yanzu kana fama da fushi, kada ka tsaya a gaban jama'a ka ce an raba ka da shi sarai. Ka yi hankali kuma da tawali'un baki, irin na wanda ya ce, "Ni ba kome ba ne," yana kasa kunne ya ji an ce, "A'a, kai ne ginshiƙinmu."

Na biyar, ku dattawan ekklesiya, ku yi horo da mudu ɗaya. Idan an sa yarinyar talaka a bencin baya, aka rufe laifin mai ba da baiko mai yawa, gari duka zai ji, matasanku kuma za su fara ganewa kafin kowa.

Na shida, kada ka yi murna da faɗuwar wani, ko mai bi ko wanda ba mai bi ba. Wanda yake tsammani yana tsaye, ya yi lura kada ya faɗi (1 Korinthiyawa 10:12).

Ga maƙwabcin da ya ce, "Ba ni zuwa wurinku, gama akwai munafukai a cikinku," kada mu yi masa gardama. Mu ce masa, "Gaskiyarka, akwai su, Ubangijinmu ma ya yi musu faɗa fiye da yadda kai ka yi, ka duba Matta sura 23. Mu kanmu masu neman jinƙai ne. Ba mu ce ka dube mu ba, ka dubi wanda ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ba da ransa domin masu zunubi." Mutanen Daura ba su ƙi shan ruwan Kusugu ba domin maƙaryata sun yi da'awar banza a bakin rijiyar. Amma wannan amsa ba ta da ƙarfi sai a bakin wanda ya riga ya biya bashinsa.

Tambayoyi domin bincike

1. Me ya sa mai karɓar haraji ya koma gida baratacce, Bafarisi kuwa bai samu ba?
2. Mene ne bambanci tsakanin laifin Gehazi da na Bitrus?
3. Yaushe maganar nan "mutum tara yake" take da amfani, yaushe take zama ruɗi?
4. Akwai wanda ba mai bi ba da yake bin ka bashi, ko na kuɗi ko na neman gafara? Wace rana za ka je wurinsa?

Aya ta haddacewa: 1 Bitrus 2:12.

Addu'a: Ya Uba, kai ka san abin da muke ɓoye wa mutane. Ka cire mana son yabo, ka ba mu ƙarfin hali mu furta laifinmu, mu gyara abin da muka ɓata, domin kada a raina sunan Ɗanka saboda mu. A cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.